Babur Ɗin Ruwa Mai Yoyon Baƙin Mai: In Saya Ko In Haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Injiniya, wani dillali ne ya kawo mini tallan babur ɗin ruwa, Yamaha VX110 ƙirar 2008, wai daga Legas aka ɗauko shi. Niyyata in riƙa kai shi dam ɗin Goronyo ni da yara ranakun hutu. Arharsa ce ta hana hankalina kwanciya. Da na ɗaga kujera na leƙa, sai na ga baƙin mai kwance a ƙasan cikinsa. Dillalin ya ce tsohon inji dama sai da yoyo, in riƙa ƙara mai kawai. Bakaniken motata kuma ya ce in aka zuba mai kauri zai tsaya. Suna so in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a. Don Allah a ba ni shawara. Daga wani mai karatu a Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, bar kuɗinka a aljihu tukuna. Juma'ar nan ta dillali ce, la'adarsa yake hange.

Man da ka gani bai isa a yanke wa babur ɗin hukunci ba, sai an san inda yake fitowa. A wannan ƙirar wurare kaɗan ne. Ko dai filtar mai ta yi tsatsa ta huje, wanda ya zama ruwan dare ga duk abin da ya yi aiki a ruwan gishirin Legas, ko gaskit ɗin murfin kan inji, ko tiyon da ya haɗa tankin baƙin mai da inji. Waɗannan gyaran yini guda ne. In kuwa gishiri ya ci ƙasan injin, ko sil ɗin bayan karanshaf, wato robar da ke tare mai a bayan inji, ne ya saki, sai an ciro injin ɗungurungum, kuma kayansa ba kamar na Boxer ba ne da za ka samu a kowace kwana, sai an aiko daga Legas ko daga waje.

Amma bari in tsaya kan maganar nan ta "a riƙa ƙara mai kawai", domin ba a mako ban ji ta ba, kuma ta kashe injuna fiye da tsufa.

Mutanenmu sun ɗauki babur ɗin ruwa kamar tsohuwar Golf da ake ajiye wa galan a but. Motarka a titin Wamakko da wuya injinta ya wuce juyi 3,000 a minti. Wannan in ka matsa masa yana kai wa 8,000, ba giya, ba gangara, ba hutu. A irin wannan gudu, in mai ya gaza na 'yan daƙiƙoƙi, metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ya tafi. Mota in ta buga, ka gangara gefen hanya ka kira mai ja. Kai fa, a tsakiyar Goronyo, da yara biyu a bayanka, wa za ka kira?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, sau da yawa ƙarin man shi ne ya haifar da yoyon. VX110 ba a ƙasan inji yake tara mansa kamar mota ba, tankinsa daban yake. In injin ya kwana ya huce, man yakan sulale ƙasa, ka zaro sandar awo ka ga kamar babu komai. Sai bakanike ya ce innalillahi, ya ɗauko galan ya tuttula. Gaba ɗaya abin da injin ke ɗauka bai fi lita 4 da 'yan kai ba, kuma in ana canji kimanin lita 2 kaɗai ke fitowa. Wanda bai sani ba sai ya juye galan guda cur. Ana tayarwa rarar ta bi bututun numfashi ta faɗa akwatin iska, ta jiƙe filta, ta tsiyaya ƙasa. An taɓa kawo mini wani da mai shi ya rantse injin ya gama yawo, ba ya ja, yana ta zubar da mai. Na buɗe akwatin iska, filtar ta yi sharkaf kamar ƙosai a kasko. Muka zuƙe rarar, muka sa sabuwar filta, shi ke nan. Ana auna man wannan inji ne bayan ya yi zafi, babur ɗin yana zaune daidai. Duk wanda ya auna shi da sanyi ya ƙara, ɓarna ya yi.

Shi kuma mai kauri, da ruwan kwalbar nan da ake cewa yana toshe yoyo, da gam da ake shafawa, duk rufa ido ne. Kamfanin ya ce 10W-30 ko 10W-40. Ka zuba wanda ya yi kauri kamar zuma, da safe sai ya ɗauki lokaci kafin ya hau kan inji, ƙarfe na cin ƙarfe, ramin kuma yana nan. Ba raina bakanikenka nake yi ba, a mota wataƙila gwani ne. Amma ka tambaye shi babur ɗin ruwa nawa ya taɓa kwancewa.

Kuma man da ya zuba ba a ciki yake zama ba. Akwai bututun da ke zuƙe ruwan da ya taru a cikin jirgin ya watsar waje in ana tafiya, da shi man ke fita. Ruwan Goronyo shi ke biyo Rima ya zo Sakkwato, shi masu albasa da shinkafa ke ban ruwa da shi, a cikinsa masunta ke neman abinci. Ka je nishaɗi ka bar musu baƙin mai a kan ruwa, wannan haƙƙi ne, Alhaji, kuma za a tambaye ka.

Ga abin da za ka yi. Ka je da tocila da farin ƙyalle. Zaro sandar awo ka goga. In man ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga inji, yi musu sallama ka kama hanya. In baƙi ne ko ruwan zuma, buɗe akwatin iska ka duba. Sannan a wanke cikin jirgin tas, a bari ya bushe, ka barbaɗa hoda a jikin injin, kewayen filta da gaskit. In ya yi aiki, hodar za ta nuna maka hanyar da man ya biyo. Af, in ka koma ka tarar an riga an wanke shi da omo yana ƙamshi ba kai ka sa ba, ka ƙara buɗe ido.

A cire filogi huɗun a auna ƙarfin matsin kowace silinda. Bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A duba awannin da ya yi aiki, a tambayi yaushe aka canja mai, don ƙa'ida duk awa 100 ne ko shekara guda.

Kada ka yarda da tayarwa a tsakar gida. A tudu ba nauyi a kansa, gurgun inji ma sai ya yi kuka mai daɗi. In ma za a haɗa masa tiyo, inji ake fara tayarwa sannan a buɗe ruwa, a rufe ruwa kafin a kashe, in aka juya wannan tsari, ruwa zai bi salansa ya shiga silinda. Gwajin gaskiya a kan ruwa yake, minti 20 zuwa 30, da rigar kariya a jikinka, a wuri mai zurfin da ya wuce santimita 60 don kada famfonsa ya zuƙi yashi. Ka fito ka ɗaga kujera ka haska hodar.

In filta ce ko gaskit ko rarar mai, a cire kuɗin gyara daga farashi ka saya. In daga ƙasan inji ne, ko dillalin ya fara kawo uzurin nisan Goronyo da tsadar fetur, ka ce kai za ka biya kuɗin motar da za ta ja shi. In ya sake ƙi, bar masa kayansa.