Amsa ga Yaya kan maganar Kamaru da Facebook

Salamu alaikum jama'a. Yaya, na saurari muryarka ta daren jiya inda kace wai Facebook ne ya kunna wutar rikicin Kamaru tsakanin masu Turanci da masu Faransanci, toh ka gafarce ni amma gaskiya ban yarda ba. Abin nan ya daɗe yana cin mutane a rai tun 1972 da shugaban ƙasa Ahidjo ya soke tsarin tarayya, kuma a ƙarshen 2016 ai lauyoyi da malaman makaranta ne suka fito, kukansu a daina turo musu alƙalai da malamai waɗanda ba sa jin Turanci sosai zuwa Bamenda da Buea, manyan biranen yankin masu Turanci.

Ranar da nake so ka duba ita ce 17 ga Janairu 2017, da gwamnati ta yanke intanet a yankuna biyu na masu Turanci, wato Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, har 20 ga Afrilu, wata uku cur. Akwai wani malamin jami'a ɗan Kanada, Marshall McLuhan, shi yace hanyar da saƙo ya biyo ita kanta saƙo ce. Toh wallahi haka aka yi, mutum yana Bamenda wayarsa ta zama kamar dutse, ya hau mota ya tsallaka zuwa Bafoussam da ke yankin masu Faransanci sai saƙonni su dinga shigowa tirin-tirin, kaga ba sai wani minista ya fito gidan talabijin na gwamnati CRTV ya faɗa masa matsayinsa a ƙasar ba, aljihunsa ya riga ya faɗa masa. Har 'yan uwanmu Hausawan Abakwa a cikin Bamenda da ba ruwansu da rigimar sun sha wannan wahala a kasuwancinsu.

Kuma a ranar 17 ga Janairun nan aka kama Agbor Balla, lauyan da gwamnati ke zaman tattaunawa da shi. Na gida an rufe musu baki, sai magana ta koma hannun waɗanda ke zaune Amurka da Turai, su kam netiwok ɗinsu lafiya lau kuma harsashi ba ya kai musu. Zuwa 1 ga Oktoba an ayyana Ambazoniya, ƙasar da 'yan awaren masu Turanci ke son kafawa. Eh na yarda Yaya, ƙarya da bidiyon tunzura jama'a sun yawata a Facebook sosai, na gani da idona, amma sai da aka toshe na gida tukuna waɗancan suka samu fili.