An Yafe Mana Hayar Shago Lokacin Kulle, Yanzu An Garƙame Shagon: Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina sayar da atamfa da shadda a kasuwar ƙaramar hukumarmu a Jihar Kano, hayar shagon naira 5,000 a wata. Lokacin kullen korona a 2020 ciyaman na wancan lokacin ya zo kasuwa, a gaban Sarkin Kasuwa da shugabannin ƙungiyarmu, ya ce an yafe mana hayar wata shida. Ba a ba mu takarda ba. Daga wata na bakwai muka ci gaba da biya ana ba mu rasit, ba wanda ya sake tayar da maganar. Yanzu sababbin shugabanni sun aiko da takarda wai ana bi na naira 30,000 da tarar naira 45,000. Da na ƙi biya suka sa wa shagon kwaɗo da kayana a ciki, suka ce in mako biyu ya cika za su ba wani. Sannan naira 500,000 ta korona da na samu ta banki, an fara cire min ita daga wani asusuna na daban. Me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo sauƙi. Zan fara da kwaɗon, domin shi ne ke da wa'adi, kuma a nan ne hujjarka ta fi ƙarfi.

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da kula da su, da tsara harkar shaguna da kiyos. Don haka ƙaramar hukuma na da hurumin karɓar haya a kasuwarta. Sai dai wannan hurumin bai mayar da ita alƙali a kan bashin da ita kanta take bi ba. Tun 1986, a shari'ar Gwamnan Soja na Legas da Ojukwu, Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin da ta ƙwace gida da ƙarfi alhali magana tana gaban kotu, kuma kotunanmu sun tsaya a kan cewa mai gida, hukuma ce ko mutum, ba ya fitar da ɗan haya da hannunsa.

Ƙarfin kariyarka ya danganta da takardar da aka ba ka shagon da ita, don haka ɗauko ta ka karanta da idon basira. In ta nuna kai ɗan haya ne, dokokin karɓar gida na jihohi galibi suna buƙatar notis na wata ɗaya ga mai biya wata-wata, wata shida ga mai biya shekara-shekara, sannan notis na kwana bakwai, sannan umarnin kotu. In kuwa takardar izinin zama kawai ta ba ka, wanda hukuma za ta iya janyewa in an saɓa sharaɗi, kariyar ta ragu ƙwarai, kuma takardun kasuwa da yawa haka aka rubuta su. Ko a hakan, atamfa da shaddar da ke ciki dukiyarka ce. Riƙe su ba tare da umarnin kotu ko wani sashe na rubutacciyar doka da ya ba da dama ba, abu ne da za ka iya neman a sake maka, har da diyyar cinikin da ka rasa.

Akwai ramin da 'yan kasuwa da yawa ke faɗawa a nan. Mutum ya sayi shago daga wanda aka ba tun asali, ba a canza suna a ofis ba, rasit yana ta fita da sunan wancan. Ranar rikici sai hukuma ta ce ba ta san shi ba, ta kuma nuna sharaɗin da ya hana sayarwa ko ba wani haya ba da izininta ba. In haka naka yake, nemo mai sunan tun yau, ya sa hannu a duk wasiƙar da za a rubuta.

Kada ka fasa kwaɗon, komai zafin rai. A yanzu rikicinku na bashi ne, kuma sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ranar da ka sa guduma ka ba su ƙofar kai ka caji ofis da zargin ɓarna. Abin yi shi ne ka ɗauki hoton ƙofar da kwaɗon da lambar shagon a fili, ka rubuta ranar da sunayen maƙwabta biyu da suka ga an kulle, ka jera kayan da ke ciki turmi-turmi da yadi-yadi da kuɗinsu, ka haɗa da takardun sari. Kotu ba ta ba da diyya a kan "kaya masu yawa", sai abin da aka ƙirga aka nuna shaidarsa.

Yanzu maganar yafiya. Gaskiya, furucin ciyaman a tsakiyar kasuwa shi kaɗai hujja ce mai rauni. Kuɗin haya kuɗin jama'a ne, ana ƙayyade shi da dokar da majalisar kansiloli ta zartar ko shawarar da aka rubuta a zaman hukuma. Lauyan ƙaramar hukuma zai ce ciyaman ba shi da ikon soke wannan da fatar baki, kuma alƙali zai saurare shi. Amma kada wani ya ce maka yafiyar ta tafi da tsohon ciyaman. A idon doka ƙaramar hukuma mutum ɗaya ce da ba ta mutuwa da sauyin shugabanni. Abin da ta zartar bisa ƙa'ida a 2020 yana kan wuyan na yanzu, ko jam'iyyarsu ɗaya ko ba ɗaya ba.

Don haka aikin shi ne a nemo inda yafiyar ta bar sawu a rubuce. Wuri na farko, bayanan zaman majalisa da na kwamitin kuɗi na watannin Afrilu zuwa Satumba 2020. Na biyu, takardar da ofishin ma'aji ya aika wa masu karɓar kuɗin kasuwa, domin ba su daina zagayawa wata shida haka kawai ba, wani ne ya ce su daina. Na uku, littafin kasuwa da ake rubuta biyan kowane shago: a duba abin da aka sa a gaban lambar shagonka a waɗannan watannin. Na huɗu yana aljihunka, wato rasit ɗin farko bayan yafiyar. In an rubuta masa watan Oktoba 2020 ba a ambaci wani bashi ba, sannan aka yi ta karɓa shekara da shekaru a haka, wannan shaida ce mai nauyi. Sashe na 169 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce wanda ya sa wani ya gaskata abu ta furucinsa ko aikinsa, har wancan ya yi aiki da shi, ba zai dawo ya musanta ba. Iyakar wannan sashe ita ce ba ya rushe abin da doka ta wajabta ƙarara, shi ya sa samun rubutacciyar shawarar majalisa ya fi komai.

Kana da damar neman waɗannan takardun a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. A watan Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ba ta tsaya a kan hukumomin tarayya kaɗai ba. Ka nemi kwafin da jami'in da ke riƙe da takardar ya tabbatar da sa hannu da hatimi, kamar yadda sashe na 104 na Dokar Shaida ya tsara, don kotu ba ta karɓar fotokwafin takardar gwamnati zalla. In wani ya ɗauki bidiyon jawabin ciyaman, a adana wayar da aka ɗauka da ita. Sashe na 84 yana buƙatar takardar bayani kan na'urar, kuma bidiyon da ya yi ta yawo a WhatsApp ya fi wuyar karewa.

To in ba a sami komai a rubuce ba, rufe kasuwar shi kansa bai sauke haya ba? A Kano gwamnatin jiha ta fara kulle daren 16 ga Afrilu 2020, Shugaba Buhari ya ɗora nasa ranar 27 ga Afrilu, aka ɗage gaba ɗaya ranar 2 ga Yuli. Kusan wata biyu da rabi ke nan, kuma ya haɗiye azumi da ƙaramar sallah, lokacin da mai atamfa ke yin cinikin da zai riƙe shi rabin shekara. A dokar da muka gada daga Ingila, yarjejeniya tana rushewa in wani abu da ba laifin kowa ba ya sa cika ta ya gagara. A shari'ar Araka da kamfanin Monier a 1978, wadda ta taso daga yaƙin basasa, Kotun Ƙoli ta yarda wannan ƙa'ida tana shafar haya. Sai dai kotuna ba sa saurin amfani da ita a kan tsaikon 'yan watanni in ɗan haya ya ci gaba da riƙe makulli, kayansa na ciki, ya kuma koma bayan an buɗe. Ba zan gina maka ƙara a kanta kaɗai ba.

Fiƙihun Malikiyya ya fi fitowa fili. A babin haya na Mukhtasar na Khalil, littafin da alƙalan kotunan shari'armu ke komawa gare shi, an ambaci umarnin mai mulki na rufe shaguna cikin abubuwan da ke warware haya, domin amfanin shagon aka biya wa kuɗi, kuma an hana amfanin. Wanda ya karɓi haya daga hannun ɗan'uwansa Musulmi zai iya tsayawa da wannan a kotun shari'a. Kai da hukuma kake yi, kuma ba lallai ƙararka ta je can ba, amma a zaman sulhu da ciyaman da Sarkin Kasuwa da limamai hujja ce da ba a saurin ture ta. Ka lura dai, tana shafar watannin da kasuwa ke garƙame ne kawai, ba wata shida ba.

Tarar naira 45,000 ita ce mafi rauni a cikin abin da suke nema. Ka tambaye su a rubuce: wane sashe na wace doka, ko wane sharaɗi na takardar shagon, ya sa wannan tarar, kuma yaya aka lissafa ta? Jami'in kuɗin shiga ba ya ƙirƙirar tara daga kansa. Tarar da ta fi asalin bashin yawa, a kan kuɗin da ba a taɓa nema ba tsawon shekaru, da wuya ta tsaya in aka matsa.

Shawarata ita ce a cikin makon nan lauya ya rubuta wa ciyaman ta hannun sakataren ƙaramar hukuma, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinka. Wasiƙar ta nemi a buɗe shagon, ta musanta bashin da tarar, ta nemi takardun da na lissafa, ta kuma zama sanarwar niyyar kai ƙara. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne. Dokokin ƙananan hukumomi na jihohi da yawa sun ce sai an ba da sanarwar wata ɗaya kafin a kai su kotu, kuma ana korar ƙara a kan rashinta komai kyawun hujja. Su sun ba ka mako biyu, sanarwar na iya cin wata guda, to duk ranar da ka ɓata kai ta cuta. A aika kwafi ga shugaban kasuwar, don duk wanda za a ba shagon ya san akwai rikici a kansa. Haka kuma dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a kai ƙara kan abin da jami'i ya yi a bakin aikinsa. Kotuna sun ce ba ta shafi rikicin yarjejeniya ba, amma kada ka jira a gwada wannan a kanka.

In rufewar tana cin ka fiye da kuɗin, kana iya biyan naira 30,000 ɗin a buɗe, da wasiƙar da ta ce ka biya ne don a buɗe, ba don ka amsa bashin ba. A asusun ƙaramar hukuma za ka zuba, ka karɓi rasit mai lamba, ba a hannun wani ba. Kada ka sa hannu a takardar "na yarda ana bi na" ko ka ba da wani abu a ciki kafin lauya ya gani. Bashin yarjejeniya yana da wa'adin kai ƙara, shekara biyar a wasu jihohi, shida a wasu, kuma amsa bashi a rubuce ko biyan wani ɓangare yana sa lissafin ya koma farko.

Kuɗin shari'a a Babbar Kotu zai ninka naira 75,000 ɗin nan, shi ya sa ban so ka tafi kai kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: duk wanda ke da shago a 2020 wannan takardar na jiransa, ƙungiyarku ta ɗauki lauya ɗaya da sunan kowa. Kafin kotu akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya, wadda ba ta karɓar kuɗi amma tana son a kawo ƙorafi cikin wata 12, akwai kuma ta Jihar Kano.

Batun naira 500,000 ba ruwan ƙaramar hukuma a ciki. A 2020 shirye-shirye iri biyu aka yi, mutane suka cakuɗa su. Asusun ceto ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75 kyauta ne: naira 30,000 ga masu sana'ar hannu da direbobi, naira 50,000 ga wasu ƙananan 'yan kasuwa. Shirin Babban Bankin Najeriya da ya fara da naira biliyan 50 a watan Maris 2020 kuwa rance ne, har naira miliyan 3 ga magidanci, miliyan 25 ga kamfani, da kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari da aka tsara zai koma kashi 9. Adadin da ka faɗa da cirewar da ake yi sun nuna naka rancen ne. Tsarin GSI da ya fara aiki ranar 1 ga Agusta 2020 ya ba bankin da ke bin bashi damar bin lambar BVN ya ciro kuɗinsa daga asusunka na kowane banki, har asusun haɗin gwiwa, in ka sa hannu a kan hakan cikin takardar rancen. Asusun da ke da sunan iyalinka kaɗai ba ya ciki. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru ake cirewa ta wannan hanyar, ban da tarar jinkiri.

Ka rubuta wa bankin ka nemi kwafin takardar rancen da cikakken bayanin asusun daga ranar farko, ka gwada abin da ya shigo da abin da aka cira. In wani ejan ya yanki kasonsa lokacin da kuɗin suka fito, banki duka zai bi ka, kai kuma ka bi ejan ɗin daban. In lissafin daidai ne, nemi a rarraba maka biyan wata-wata a rubuce. In an cira fiye da ƙima kuma banki bai warware ba cikin wa'adin da aka ƙayyade, ka kai ƙorafin sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, tare da kwafin wasiƙarka ta farko da lambar ƙorafin da bankin ya ba ka.