Kafin ka ɗaura sabon masta a tsohuwar mota

Yaro, ka tambaye ni abin da ya sa na hana ka ɗaura sabon mastan birki, wato silindar da ke tura man birki zuwa ƙafafun mota, a Peugeot 504 ɗin nan alhali tsohon ya mutu. Kwance noti biyu da bututai ba abin da zan ɓata bakina a kai ba ne. Abin da ku yaran yanzu ba ku da haƙurinsa shi ne binciken abin da ya kashe tsohon.

Wani ɗan kasuwa a nan Bauchi ya taɓa kawo mini irin wannan mota, ɗaya daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, na sayo masa masta da kuɗin aljihuna bisa alƙawarin zai biya. Ba a jima ba aka jawo ta da igiya daga hanyar Jos, ƙafafunta sun kama, suna warin ƙuna, shi kuwa yana ta faɗa a gaban mutane wai jabu na sa masa. Da na buɗe murfin tankin man birki, sai na ga robar ta kumbura ta yi laushi, man kuma ja ne. Direbansa ne ya zuba man sitiyari don ya fi arha. Wannan mai daga fetur yake, yana kumbura robar birki har ta toshe ƙaramar kafar da mai ke komawa ta cikinta, sai birki ya riƙe. Na nuna masa da idonsa, amma har yau bai ba ni ko kwabo ba, ya kuma bi gari yana ɓata mini suna.

Saboda haka ka fara duba man. Man birki nau'in DOT 3 ko DOT 4 ake zubawa, daga rufaffiyar kwalba, domin yana shan ruwa daga iska ya jawo tsatsa a cikin silinda. Idan ka ga an gauraya shi da irin wancan mai, dukkan robobi da tiyo sai an sauya su, a wanke bututai. Kada man birki ya ɗiga a jikin mota, yana cin fenti.

Sabon mastan kuma, ka fitar da iskarsa a kan benci kafin ya hau mota, sannan ka bi ƙafafu ka fitar da tasu iskar, kana farawa da wadda ta fi nisa da shi. Ka bar wa sandar da ke tura fistin masta ɗan sarari, kada ta danne fistin. Idan ka gama, ka kira ni in taka fedar da ƙafata.