Wane taye zan haɗa wa kwastoma da kwat ɗinsa?

Toh yarona, ka tambaye ni yadda zaka zaɓa wa kwastoma taye idan ya karɓi kwat ɗinsa yace a haɗa masa da wanda zai dace, kuma kace kai kullum idonka kan mai sheƙi da fulawa yake tafiya. Naji daɗin tambayar wallahi, don teloli da yawa sun iya ɗinki amma a nan wurin sai su bar mutum ya ɗaura abinda zai kashe aikin da suka kwana suna yi.

Kafin ka buɗe akwatin taye ka fara tambayarsa ina zai je da kayan. Wanda zai je intabiyu a banki ko wani ofis, ka ba shi shuɗi mai duhu ko ja mai duhu irin kalar zoɓo, ko dai filen ko mai ƙananan ɗigo-ɗigo, a kan farar shat ko mai ruwan sararin samaniya, shikenan ka gama masa. So ake a kalli fuskarsa a ji maganarsa, ba a tsaya kallon ƙirjinsa ba. Idan kuma ɗalibin makarantar horar da lauyoyi ne irin ta Bagauda, kar ka tsaya yi masa dabara, baƙar kwat ce da farar shat da baƙin taye, haka dokarsu take. Baƙin nan kuma shi zaka ba wanda zai je jana'izar abokin aikinsa a coci.

Biki shi ne inda zaka ɗan saki hannu. Mu ɗaurin aure da babbar riga ake zuwa, amma dina ango da abokansa sukan sa kwat, to a nan ka tambayi kalar ankon, abokai su ɗaura kalar, shi ango ka ware shi da wani daban ko da ruwan azurfa ne ko ɗan ƙaramin nan mai kamar malam-buɗe-littafi, don a gane shi a hoto. Amma ka guji mai sheƙin nan sosai da kake so, hasken kyamara na dukansa sai ya fito fari fat, kalar ta ɓace, kuɗin mutum ya tafi a banza.

Yanzu zancen zane, nan ne yara ke rikicewa. Taye ya fi shat duhu, wannan ka riƙe shi da kyau. Idan shat ɗin tana da siraran layuka to tayen ya zama mai manyan layuka ko manyan ɗigo, idan shat ɗin mai manyan gida-gida ce sai ka koma filen ko mai zane ƙanana, kada girman zanen biyu ya zo ɗaya don ido zai rinƙa yawo ya rasa inda zai tsaya, kuma idan kwat ɗin ma mai layi ce to ɗaya daga cikin shat da taye dole yayi shiru. Ni gaskiya abu uku masu zane a jikin mutum ɗaya bana yarda ya fita daga shagona da su. Ka kuma duba tayen ya ɗauko wata kala daga shat ko kwat ko da kaɗan ne, sai ka ga kayan sun zama 'yan gida ɗaya.

Masu layin karkace ɗin nan kuma ka lura da su, na Ingila layin daga kafaɗar hagu ta mai sawa yake gangarowa dama, na Amurka akasin haka. A Ingila wasu layukan alamar rundunar soja ce ko tsohuwar makaranta, don haka mai tafiya can taro gara ka ba shi mai ɗigo ko filen.

Faɗin taye ya bi faɗin kwalar kwat ɗin da ka ɗinka, yawanci santimita 7 zuwa 9. Ka yi wa mutum kwala mai faɗi sannan ka ba shi siririn taye, ai ka ɓata tsarin da hannunka. Tsawo kuma bakinsa ya sauka daidai kan ƙarfen bel, kar ya tsaya a cibiya kar ya wuce zif. Ƙulli shima wuyan shat yake bi, mai buɗaɗɗiyar kwala ka yi masa ƙullin Winsa mai cika wuri, mai matsattsiyar kwala ƙaramin ƙulli ya isa, sai dai ka sani Winsa yana cin tsawo, dogon mutum sai ka nemo masa taye mai tsayi. Ka koya masa ya matsa ɗan lotsi a ƙasan ƙullin da yatsa.

Tunda kai tela ne ka san abinda ke ciki. Taye mai kyau a karkace ake yanka yadinsa, digiri 45, gida uku a haɗa, wani Jesse Langsdorf a New York ne ya yi rajistar wannan dabarar a shekarun 1920 kuma har yau ita ake bi. Ka rataya shi a hannunka, idan ya sauka miƙe to an yanka daidai, idan ya murɗe ka mayar wa mai shi komai arharsa.

Sai abu ɗaya da bana so ka yi wasa da shi, masu tsadar nan yawanci siliki ne zalla, kuma ka san hukuncin alharini a kan namiji musulmi. Ka karanta takardar da ke bayansa ka faɗa wa kwastoma gaskiya, akwai na foliyesta masu kyau da na auduga da na ulu, ya zaɓa da saninsa.

In zai tafi ka ja masa kunne ya rinƙa kwance ƙullin duk dare ya naɗe tayen ko ya rataye, kar ya cire shi ta ka ya ajiye da ƙullinsa, kuma kar ya ɗora masa dutsen guga kai tsaye, in ya yamutse tururi kawai zai nuna masa.