Tambayoyinku na wannan makon: manhajar waya ba ta san nauyin jirginka ba

Tambaya ta farko daga wata baiwar Allah ce a Zinder, ta ce wayarta kullum sai ta ce ma'aji ya cika alhali ba ta da wasu manhajoji da yawa. Hajiya WhatsApp ne, bidiyon biki da wa'azi da ƴan gurup suke zubo miki. Shiga saitinsa ki kashe saukar da bidiyo kai tsaye, sannan ki duba wajen sarrafa ma'aji ki goge manyan. Gurup ɗin da kin shekara ba ki ce uffan ba kuma ki fita.

Sai wani ɗan uwa masunci daga Fot Sudan, ga abin da ya rubuto a taƙaice: jirginsa na katako ne mai zanen iska, wanda su can suke kira shira'i, tsawonsa a kan ruwa ƙafa 25, ya ɗaura masa injin Yamaha Enduro mai doki 15 don ranar da iska ta ɗauke. In ya yi lodin ƙanƙara da kifi sai injin ya riƙa nishi, jirgi na jan ciki. Farfelarsa an rubuta 9¼ x 11, ya sa lambobin a wata manhaja ta ce ya kamata ya yi kilomita 40 a awa, in ya sayi mai 12 a maimakon 11 ma zai fi haka. Wai ya saya?

Malam don Allah kar ka saya, wallahi wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya, mutum ya ga lamba a fuskar waya shikenan ya ɗauke ta kamar yankan wuƙa. Manhajar ba ƙarya ta yi ba a lissafi, ta ɗauki juyi 5000 a minti ta raba da giyar injinka wato 2.08 ta ninka da inci 11, ya ba ta kusan 40. Amma ba ta san ruwa ba katako ba ne da farfela za ta shige shi kamar noti, kuma ba ta taɓa ɗaga buhun ƙanƙararka ba. Jirgi mai nauyi irin naka da yake keta ruwa ba ya hawa samansa yana da iyaka, lissafin da aka sani shi ne 1.34 sau tushen tsawonsa a ƙafa, naka tushen 25 shi ne 5, ya ba da not 6.7, wajen kilomita 12 da ɗan ɗoriya kenan a awa. Ko ka sa wace irin farfela a nan za ka tsaya.

A 9¼ x 11 ɗin nan lambar farko faɗin farfela ne, ta biyu kuma takunta, wato nisan da za ta tura a juyi ɗaya. Taku babba kamar babbar giya ce, kai kuma kamar mai a daidaita sahu ne da ya cika ta da buhunan masara ya nufi hawa yana neman ƙara giya. Ragewa ake yi. Injinka an yi shi ne ya kai juyi 4500 zuwa 5500 in an murɗe totur gaba ɗaya, in bai kai ba to wahala yake sha, mai yake zuƙa, fulogi yana baƙi, kana kashe shi a hankali.

To ga inda wayar za ta yi maka amfani na gaske. Nemi ɗan ƙaramin ma'aunin juyi mai batir, irin wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi, in ka ga lambar ta ninka ko ta rabu biyu saitinsa ne ka gyara. Kankare ƙasan jirgin tukuna domin ƙwarin nan masu ɓawo na Bahar Maliya in suka manne sun isa su cinye maka gudu su kaɗai. Sai ka yi lodi irin na kullum, sauke zanen, buɗe duk wata manhajar GPS mai nuna gudu, ka murɗe totur ka tafi minti biyu, ka juyo ka dawo ta hanya ɗaya, ka haɗa biyun ka raba saboda igiyar ruwa da iska. Ka rubuta a waya nan take, ni kullum ina nanata wannan, abin da ba a rubuta ba gobe gardama zai koma. Kowane inci ɗaya da ka rage yana ƙaro juyi 150 zuwa 200, don haka in ka ga 4000 to mai taku 8 kake nema, zai kai ka wajen 4450 zuwa 4600. In ka samu mai faffaɗan kunnuwa ita ta fi dacewa da tura nauyi, amma ka tabbata ba ta gogar farantin da ke samanta. Kuma ka duba ko farfelar tana fitowa waje in ruwa ya ɗaga bayan jirgi, in haka ne matsalar gajartar ƙafar injin ce, mai inci 20 kake buƙata ba mai 15 ba. In ka ɗaga zane iska ta kama, ɗage injin daga ruwa. Wayar kuma ka sa ta a jakar leda mai igiya ka rataya a wuya, ruwan gishiri ba ya yafiya.

Na ƙarshe wani ɗalibi daga Yauri, wayarsa ta faɗa kogi ya tsamo ya binne ta a shinkafa kwana uku. Ƙanena shinkafar nan a dafa a ci ta fi amfani. Kashe wayar, cire sim, kar ka kuskura ka sa caji, kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke allon ciki yau ɗin nan.