Amsoshin Tambayoyinku: Iskar Gwangwani, Na'urar Oksijin da Maganin Wanke Huhu

Yawancin wasiƙun wannan makon a kan numfashi suke, domin hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, masu tari sun yawaita, 'yan kasuwa kuma sun baza hajarsu. Na zaɓi biyar, zan kuma fi daɗewa a kan ta uku saboda rai ne a ciki.

Tambaya: Ina buga ƙwallo a wata ƙaramar ƙungiya a Kano, kuma da an dawo hutun rabin lokaci sai haki ya kama ni. Na ga ana tallar gwangwani mai iskar oksijin a Facebook, an ce idan na shaƙa ƙarfina zai dawo kuma ba zan yi tsamin jiki ba. In saya?

Amsa: Ƙanena, kada ka saya. Iskar da kake shaƙa kyauta tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin ɗari, kuma wannan ya isa ya cika jinin mai lafiya zuwa kashi 95 ko sama da haka. Tulun da ya riga ya cika, duk ruwan da aka ƙara masa ƙasa zai sha. Jiki kuma ba ya ajiye oksijin don anjima, saboda haka abin da ka shaƙa a gefen fili ya wuce kafin alƙalin wasa ya busa usur. Juriya tana zuwa ne daga yawan jinin da zuciya ke iya turawa a kowane bugu, da kuma yadda tsoka ta saba karɓar oksijin ta yi aiki da shi, kuma waɗannan biyun atisaye kaɗai ke gina su. Ka riƙa yin sassarfa ta minti talatin zuwa arba'in sau uku a mako, a wata rana kuma ka yi gudu mai ƙarfi na ɗan gajeren lokaci kana hutawa kana komawa. Bayan wata biyu za ka ga bambanci da kanka.

Tsamin jikin da ke zuwa washegari ba shi da alaƙa da ƙarancin iska. Ƙananan raunuka ne a cikin tsoka, waɗanda barci da ruwa da abinci ke gyarawa. Idan kwanan nan ka tashi daga zazzaɓin cizon sauro, ka je a auna maka jini, domin ƙarancin jini yana kawo irin wannan hakin, kuma kuɗin gwangwanin ya fi amfani a ƙwai da wake da hanta da zogale. Idan kuma wani a ƙungiyarku ya miƙa maka tiramadol da sunan ƙarin ƙarfi, ka ƙi karɓa, domin ƙwayar tana danne numfashin da kake neman gyarawa.

Tambaya: Abokina yana sayar da wani baƙin takunkumi da ake sawa ana gudu, ya ce daidai yake da yin atisaye a tsaunukan Kenya. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, kuma da ka ɗan tsaya ka yi tunani da ba ka rubuto ba. Garin Iten, inda 'yan tseren Kenya da yawa ke zama, yana kan tsayin kusan mita 2,400, wato ninki biyu na tsayin Jos. A can iska ba ta da nauyi, sai oksijin da ke shiga jini ya ragu, ƙoda ta saki sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, kuma hakan yana buƙatar makonni na zama a wurin dare da rana. Takunkumin abokinka yana matse ƙofar iska ne kawai, iskar kuwa ta garinku ce yadda ka san ta. Zai sa ka gaji da wuri, ka rage gudun da ya kamata ka yi. Ka sayi takalmi mai kyau.

Tambaya: Mahaifiyata ta shekara saba'in, ta yi rayuwarta tana girki da itace, yanzu ko zuwa banɗaki sai ta tsaya ta huta. A asibiti an ce huhunta ya toshe. Mu 'ya'yanta mun haɗa kuɗi za mu saya mata na'urar da ke samar da oksijin a gida, na ga wata ƙarama mai araha a intanet. Ina tsoron kada in yi kuskure.

Amsa: 'Yata, Allah Ya ba Mama lafiya, Ya saka muku da alheri. Tsoron da kike ji a kan hanya yake, kuma gara da kika tambaya kafin ki tura kuɗi. Abu na farko, oksijin magani ne kamar kowane magani, yana da ƙa'ida da awo. Ki koma wurin likitan da ya duba ta ki tambaye shi kai tsaye ko tana buƙatarsa a gida, lita nawa a minti, kuma awa nawa a rana. Ba kowane mai haki ne ke da ƙarancin oksijin a jini ba, wasu abin da suke buƙata shi ne maganin shaƙa da ke buɗe hanyoyin iska, ko a duba zuciyarsu. Ga masu irin ciwon Mama kuma, likitoci kan so awon oksijin da ke jininsu ya tsaya tsakanin kashi 88 da 92, domin idan aka cika musu oksijin, gurɓatacciyar iskar da ya kamata su fitar tana iya taruwa a jikinsu har su fara magagi ko su sume. Saboda haka kada wani ya ƙara mata awo don tausayi.

Yanzu bari in yi magana a kan ƙaramar na'urar nan mai araha, domin ta daɗe tana ci mini rai. Tun lokacin annobar korona kasuwanninmu suka cika da su, farare masu kyan gani da fitilu, wasu har da rimot, an rubuta a jikin kwalinsu cewa suna ba da lita ɗaya zuwa bakwai. Abin da ba a bayyana wa mai saye shi ne, da yawansu a lita ɗaya kawai suke ba da oksijin mai ƙarfi, da zarar an murɗa zuwa sama sai ƙarfin ya faɗi har ya kusanci iskar ɗaki. Mara lafiya yana jin iska na busawa a hancinsa, iyali suna ganin lambobi na haske, hankalin kowa ya kwanta, alhali jininsa bai samu komai ba, kuma tafiyar da ya kamata a yi zuwa asibiti da daddare sai a ɗage ta zuwa safiya. Wanda ya sayar maka da jabun shadda ya cuce ka a aljihu, wanda ya sayar wa mai ciwon huhu jabun na'ura kuwa da ransa yake ciniki, kuma ban ga uzurin da zai kawo ba na cewa shi ma saro ta ya yi. Mu ma masu saye muna da laifi. Mutum zai yini a Kwari yana taya atamfa, yana murza ta yana duba bakinta, amma zai tura kuɗin da 'yan'uwa biyar suka haɗa ga wanda bai taɓa gani ba saboda hoto ya yi kyau kuma an rage masa farashi. Araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya kisa.

Na'urar gaskiya tana jan iskar ɗaki ne ta tace ta, ta fitar da oksijin kashi 90 ko fiye har a lita biyar, tana da nauyi da ƙugi, kuma ba ta da araha. Ki saya a shagon kayan asibiti mai adireshi, wanda zai ba ki rasit da garanti kuma yana da mai gyara. Ki nemi shaidar rajistar NAFDAC, sannan ki sa a kunna ta a gabanki a auna ƙarfin oksijin da take fitarwa a lita mafi sama. Mai shagon da ya ƙi wannan gwajin ya riga ya ba ki amsa. Idan ta hannu ce, ki duba agogon da ke ƙirga awannin da ta yi aiki, domin abin da ke tace iskar a cikinta yana lalacewa da ƙura da danshi, kuma a wannan hazon sai ana wanke matatarta a kai a kai. Ki sa kuɗin wuta a lissafi, domin da an ɗauke wuta ta tsaya, dole a samu tukunyar oksijin ta asibiti a ajiye. Kada a karɓi tukunyar masu walda. Idan janareta za a kunna, a kai shi nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Kada a kawo risho, garwashin turare ko sigari ɗakin, kada kuma a shafa mata man basilin a hanci, saboda oksijin yana rura wuta.

Za ki buƙaci ɗan abin awon oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa, shi ma a shagon kirki. Ki sani cewa yatsa mai sanyi da jan farce da baƙin lalle suna rikita shi, kuma wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna cewa ya fi yawan nuna lamba sama da gaskiya a jikin baƙar fata. Idan lambar ta yi kyau amma Mama ba ta iya ƙarasa magana, ko ta rikice, ki yarda da idonki ki kai ta asibiti. Kada kuma ku kwantar da ita da sunan hutu. Mai ciwon huhu da ya daina motsi tsokarsa na raguwa, hakinsa ya ƙaru. Ta riƙa zagaya tsakar gida a hankali kullum gwargwadon abin da likita ya yarda, tana jan numfashi ta hanci tana fitarwa a hankali ta tsukakken baki. Madafa kuma ta bar wa jikoki.

Tambaya: Na shekara goma ina shan sigari da shisha. Akwai wani shayin gargajiya da ake cewa yana wanke huhu cikin kwana bakwai. Kwalba nawa zan sha?

Amsa: Malam, ko ɗaya. Abin da ka haɗiye ciki yake tafiya, babu shayin da ke bi ta huhu ya goge shi, kuma amai ko majinar da ka gani ba dattin sigari ba ne ke fita. Huhu yana da ƙananan gashi da ke share kansa, hayaƙi ne ke kashe su, suna kuma farfaɗowa bayan an daina. Na lura ba ka ce za ka daina ba, kana neman abin da zai ba ka damar ci gaba ne. Ka daina duka biyun, shishar ba ta fi sigarin sauƙi ba. Idan kana da tarin da ya wuce mako biyu, ko kana zufa da dare kana ramewa, ka je asibitin gwamnati a gwada ka don tarin fuka, maganinsa kyauta ne.

Tambaya: Ɗana mai shekara goma sha ɗaya yana da asma, yana kuka in bar shi ya buga ƙwallo da yaran unguwa, ni kuma gabana na faɗuwa. Maƙwabciyata ta ce abin shaƙar nan yana zama jaraba, in daina saya masa. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, yaro mai asma da ake kula da shi yana wasa kamar kowane yaro, wasan kuma yana ƙara masa ƙarfin zuciya da na tsoka. Maƙwabciyarki ta yi kuskure, abin shaƙa ba ya zama jaraba, kuma hana shi ne ke kai yara asibiti da tsakar dare. Ki saya a babban kemis mai rajista, ki duba ranar ƙarewar aikinsa, kada ki saya a tasha ko a hannun masu yawo da magani a rana. Ki tambayi likitansa ko zai riƙa shaƙa kamar minti goma sha biyar kafin wasa, kuma ko yana buƙatar na kullum mai hana tashin ciwon, musamman idan yana neman na gaggawan fiye da sau biyu a mako. Ya fara da tafiya da sassarfa kafin ya shiga gudu, abin shaƙar yana aljihunsa, babban da ke wurin kuma ya san halin da yake ciki. A ranakun da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen layi, ko da sanyin asuba, ya haƙura da fili ya yi wasa a gida. Idan ya fara shesshekar numfashi ya tsaya ya zauna ya shaƙa, idan kuma bai samu sauƙi ba cikin 'yan mintuna, ko ya kasa magana, a wuce da shi asibiti nan take ba tare da jiran mahaifinsa ya dawo daga kasuwa ba.