Verni ya yi kurji bayan fesawa: a goge ko a sake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fesa murfin inji da ƙofa ɗaya na motata a gida, a unguwar Birni nan Damagaram, wajen ƙarfe biyu na rana. Fentin ƙasa ya yi kyau, amma vernin da na rufe da shi, wato shafin sheƙi marar launi na sama, ya fito da kurji kamar bawon lemo, ga ƙananan ramuka a murfin, ga wurin da ya zuba a gefen ƙofar. Sai na kankare duka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka kankare komai tukuna. Matsala uku ce a gabanka, biyu daga ciki gogewa ce maganinsu.

Lokacin da ka zaɓa shi ne babban laifi. A bazarar Damagaram zafi kan wuce digiri 40, ƙarfen mota da ya sha rana kuwa ya fi haka nesa. Verni yana fara bushewa tun a iska kafin ya sauka, sai ya kasa shimfiɗuwa. Idan mahaɗin da ke daskarar da shi mai saurin kamawa ne, abin ya ƙara lalacewa. A irin wannan zafi mai jinkiri ake saye, dilwan ɗin, wato ruwan da ake tsinka verni da shi, ma haka.

Kurjin dai ka ba shi kwana biyu zuwa uku ya daskare. Ka jiƙa samfefa mai lamba 1500 da ruwan sabulu kaɗan, ka naɗa ta a katako mai laushi, ka goge a hankali har wuraren da ke ƙyalli su ɓace, wurin ya dushe bai ɗaya. Ka bi da 2000, sannan man goge fenti da inji a ƙaramin gudu. Ka yi hattara da kusurwoyi, can verni ya fi siriri. Da ka ga launin fenti a ruwan gogewa, to ka riga ka huda vernin, sai sake fesawa.

Zubar kuma, ka karce tudun da reza a tsaye, kaɗan-kaɗan, har ya yi daidai da kewayensa kafin ka kawo samfefa. Wanda ya goge ta da yatsa, gefen yake ci, tudun yana nan.

Ramukan ne ke buƙatar ka duba da kyau. In ƙanana ne kamar hudar allura, dilwan ne ya maƙale: ka yi shafi mai kauri, ko ba ka bar minti 5 zuwa 10 tsakanin shafi da shafi ba. In kuwa masu faɗi ne, tsakiyarsu a buɗe, to mai ne ko silikon, sau da yawa daga kwamfaresa ko tsumman da aka taɓa shafa wa dashbod. Kowanne ne, goge-goge ba ya cike rami. Ka goge murfin sama-sama da samfefa mai lamba 800, ka wanke da maganin cire maiƙo, ka sake shafi biyu.

Kafin sakewar, ka buɗe ƙasan tankin kwamfaresa ruwa ya tsiyaye, ka sa matacin ruwa kusa da pistole, wato bindigar feshi. Yawancin verni kashi biyu ne da mahaɗi kashi ɗaya, da dilwan kashi 5 zuwa 10 cikin 100, amma abin da ke jikin gwangwani shi ne hukunci. Kofin awo za ka yi amfani da shi, ba ido ba. Bakin pistole milimita 1.3 ko 1.4, ƙarfin iska wajen bar 2 a ma'aunin iska, nisa santimita 15 zuwa 20, kowane layi ya hau rabin na baya. Ka fesa da sassafe, a inuwa, bayan ka yayyafa wa ƙasa ruwa saboda ƙura. Ranar da hunturu ke kaɗawa, ka haƙura.

Mahaɗin nan yana ɗauke da sinadarin da ke lalata huhu. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare shi. Ka nemi aƙalla takunkumi mai matacin gawayi, ka kuma nisanta yara da murhu daga tsakar gida.